Daga Maradi zuwa Gwanzu: yadda za ka lissafa nisa da awannin tahiyar jirgi da kanka

Salamu alaikum ƴan uwa. Sati biyu da sunka wuce ina zaune shagon kawuna nan babbar kasuwa sai yaron ajans mai sayar da tikiti ya turo mishi biye, wato tikitin jirgi, ta WhatsApp, zai tahi Gwanzu ta ƙasar Caina sayen kayan babur, ya sa tabarau ya duba ya sake dubawa, can sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ɗan nan zo duba mini, wai awa 27 zan yi cikin jirgi? Da wanga ciwon baya?" Na ce a'a Kawu, Allah ya ja kwana, wanda za ka yi a sama bai wuce awa 16 ba, amma in daga ƙofar gida ne har ɗakin otel to ka sa awa hamsin da wani abu. Ya ce to wane irin lissahi ne wanga, abu guda lamba ukku. To shi ne nike son in warware nan, don kusan kowa ka tambaya tasha ko kasuwa "awa nawa ne zuwa Caina" amsa daban zai ba ka, kuma ba ƙarya suke ba, kowa abin da ya ƙidaya daban ne.

Kahin ka taɓa wani lissahi, fara sanin wane hilin jirgi ne za ka tashi, wane ne za ka sauka. Sunan gari bai isa ba. Kowane hili yana da haruffa ukku nashi, su ne rubuce bisa biye da kuma takardar da ake liƙa ma jaka. Na Yamai, wato Diori Hamani, NIM ne. Na Kano, Malam Aminu Kano, KAN. Namu na nan Maradi MFQ. Jidda JED, Madina MED, Adis Ababa ADD, Dubai babban DXB. Na Gwanzu kuwa CAN ne, don da can Kanton Turawa ke ce ma garin, har yanzu ma babbar kasuwar baje kolin da ake yi sau biyu a shekara da wannan suna anka san ta. Ka lura KAN da CAN harafi guda ne ya raba su, kada yaro ya cike maka takarda da gaggawa. Inda abin ke cin mutane shi ne garuruwa masu hili biyu, kamar Istambul, akwai IST a ɓangaren Turai akwai SAW a ɓangaren Asiya, in biyenka ya nuna ka sauka wancan ka tashi wancan to akwai tahiyar mota mai tsawo cikin cunkoso tsakani, da jakunkunanka a hannu.

In ka samu haruffan, sai nisa. Nisan da ake nuhi a harkar jirgi shi ne miƙaƙƙen layi, ba na kwalta ba. Misali na kusa da gida: Maradi zuwa Yamai a kwalta kamar kilomita 660 ne, ka bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kowa ya san hanyar da ramukanta. Amma a sama bai wuce kamar 535 ba, don tsuntsu ba ya zagaye. Hanya mahi sauƙi ta auna shi, buɗe Google Maps, ka danne yatsa bisa hilin farko har jan tambari ya hito, ka zaɓi wurin auna nisa, ka ja taswirar har zuwa hili na biyu, lambar za ta hito ƙasa. In kana da kwamfuta akwai wani shafi Great Circle Mapper, shi kawai NIM-CAN za ka rubuta mishi ya zana maka layin ya ba ka nisa. Sai dai ka kula da ma'aunin, wani lokaci mil yake bada wa. In ka ga mi ka ninka da 1.6, in ka ga nm, wato mil na teku da matuƙa ke aiki da shi, ka ninka da 1.852. Yamai zuwa Gwanzu kamar kilomita 11,500 ne, a mil kuwa 7,100 da ɗan wani abu, kada ka ga ƙaramar lamba ka yi murna.

Da ka ja layin za ka ga wani abu da zai ba ka mamaki, layin bai miƙe ba, ya lanƙwasa ya yi arewa kamar bakan maharbi. Ya bi ta arewacin Saudiyya, kudancin Iran, ya hau har Pakistan, wurin da ya hi Gwanzu kanta zama arewa, sannan ya gangaro. Kawu ya ce wayar ce ta lalace. Sai na tsaida mai kankana, na ɗauki guda, na yi ɗigo biyu da biro nesa da juna a rabin sama, na samu zaren buhu na ɗaure shi tamau daga ɗigo zuwa ɗigo. Zaren da kanshi ya zame ya bi ta kusa da hancin kankanar, bai bi ta gefen cikinta ba, don nan ne gajeriyar hanya. Duniya haka take, kewayenta kamar kilomita 40,000, taswira ce anka shimfiɗe ta kamar tabarma shi ya sa gajeriyar hanya ke kama da zagaye. Kankanar dai sai da na biya ta, jika guda, mai ita ya ce ba wanda zai sayi mai rubutu.

Wani abu da na lura da shi da nike wasa da aunin, Yamai kamar an dasa ta tsakiya ne: zuwa Jidda kusan kilomita 4,000, zuwa Adis kusan 4,000, zuwa Istambul kusan 4,000, zuwa Pari ma kusan hakan. Ka riƙe wagga lamba guda ta ishe ka. Dubai ce ta yi gaba, kamar 5,700. Daga Kano zuwa Jidda kuwa kamar 3,400 ne, don Kano ta hi Yamai gabas, mu kam da muke zuwa Yamai hawan jirgin gabas sai mun yi yamma wuni guda sannan jirgi ya maido mu gabas, abin dariya.

Yanzu maida nisa ya zama awa. Manyan jiragen nan in sun daidaita a sama, can kamar kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun 850 zuwa 900 a awa. Amma kada ka raba da 900, don ba da wanga gudu yake tashi ba, ba kuma da shi yake sauka ba, ga juye-juye bisa hili kahin a ba shi hanya. Ni abin da nike yi, in raba nisan da 800 in ƙara rabin awa. 4,000 raba 800, biyar ke nan, da rabi, awa biyar da rabi, ga Yamai zuwa Adis ko Jidda ko Istambul. Adis zuwa Gwanzu kamar kilomita 8,000, awa goma da rabi. Istambul zuwa Gwanzu kamar 7,900, kusan duk ɗaya. Ka haɗa biyar da rabi da goma da rabi, ga awa 16 ɗin da na ce ma Kawu. Ka ga kuma da yake babu jirgin da ke tashi Yamai ya dire Gwanzu kai tsaye, nisan da za ka ci da gaske kusan 12,000 ne ba 11,500 ba. Wanga lissahi na tsakiyar kasuwa ne, ba na matuƙi ba, yana iya kuskurewa da rabin awa ko hiye, amfaninshi shi ne ka gane in biye ya nuna wani abu da bai yi kama da hankali ba. In lissahinka ya ce biyar da rabi biye ya ce takwas, to tabbas akwai tsayawa a wani gari da ba a gaya maka ba. Ana yin haka, jirgi guda lamba guda amma ya biya wani gari kamar Wagadugu ya sauke ya ɗauka, kai kana zaune ciki kana gumi awa guda. Tambayi ajans ƙiri-ƙiri: yana sauka wani wuri ko ba ya sauka.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke ƙara ko rage lokacin. Na farko iska, can sama akwai iska mai ƙarhi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman lokacin sanyi, mai zuwa gabas tana tura shi, mai komowa tana tare mishi gaba, shi ya sa a dogon zango komowa takan hi zuwa tsawo. Na biyu zagaye saboda rikici. Miƙaƙƙen layi daga Yamai zuwa Adis ko Jidda ta Cadi da Sudan yake bi, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan watan Afrilu na 2023 kuwa jirage da yawa kauce ma samanta suke, kaucewa kuma mintoci ne da mai. In kana son sanin gaskiyar yau ba ta littahi ba, saka Flightradar24 a waya, rubuta lambar jirginka, zai nuna maka na kwanakin baya ƙarhe nawa ya tashi, ƙarhe nawa ya sauka, da hanyar da ya bi. Nan za ka ga wanda ya saba makara.

To ga inda aikin yake, agogo. Duk lokacin da ka gani bisa biye, na garin da abin ke faruwa ne. Lokacin tashi agogon garin tashi, lokacin sauka agogon garin sauka. Ba a haɗa su a ɗebe haka nan, kamar ka haɗa sefa da naira ne ka ce ga jimilla. Sai ka maida komi agogo guda, ni agogon Maradi nike maida su don shi ke cikin kaina. Mu da Najeriya agogonmu ɗaya. Saudiyya, Habasha da Turkiyya suna gabanmu da awa 2. Dubai awa 3. Caina awa 7, kuma duk girmanta agogo guda take aiki da shi, ko Gwanzu ko Iwu ko Bejin. Ka ɗau takarda ka ja layi biyu, hagu abin da biye ya ce, dama agogon gida.

Bari in yi da lambobi na misali, ba jadawalin wani kamfani ba ne. A ce ka tashi Yamai Litinin 13:00. Biye ya ce sauka Adis 20:30. Ɗebe 2, a gida 18:30 ne, ke nan awa biyar da rabi ba bakwai da rabi ba. Biye ya ce tashi Adis Talata 00:30. Ɗebe 2, a gida har yanzu Litinin ce 22:30, zaman jira awa huɗu. Biye ya ce sauka Gwanzu Talata 16:00. Ɗebe 7, a gida Talata 9:00 na sahe. To daga Litinin 13:00 zuwa Talata 9:00 awa 20 ne, 16 a sama 4 a ƙasa. Awa 27 ɗin da ta tsorata Kawu, bakwai daga ciki agogo ne ya yi tsalle, ba jikinshi ba. A komowa kuma abin juyawa yake, nan ne ake ruɗin kirki. A ce ka tashi Gwanzu Alhamis 00:30 ka sauka Yamai Alhamis 13:30, ido zai ce awa 13, har mutum ya ce kai komowa ta hi sauri. Ina! 00:30 na Alhamis can, a Maradi Laraba ce 17:30, ƙidaya zuwa Alhamis 13:30 ka gani, awa 20 ɗin nan ce dai ba ta je ko'ina ba. In ka ga +1 a gefen lokacin sauka, ma'ana washegari.

Wanga 00:30 kuwa a yi hattara da shi, ni ya taɓa ci na. Shekarun baya ina da biye an rubuta Laraba 00:40, na zauna hankali kwance gidan abokina a Yamai ina shan shayi daren Talata, a raina gobe da dare ne tahiya. Laraba da magariba na ɗau jaka na nuhi hili, matar da ke kanta ta duba kwamfuta ta dube ni ta ce Malam jirginka ya tashi tun jiya da dare. Na ce yau ce Laraba. Ta ce e, Larabar ta fara tun ƙarhe sha biyun dare. Mu a al'ada dare na gaban yini ne ma, daren Laraba shi ne wanda ke wayewa Laraba, amma ranar kaina ya toshe. Kuɗin canjin da na biya har yau in na tuna sai cikina ya yi ƙara. Saboda haka in lokacin tashi ya faɗa tsakanin 00:00 da asuba, rubuta da babban harafi: zan je hili DAREN ranar da ta gabata. A Adis kuma wani ƙarin abu, mutanen gari suna da ƙidayar awa tasu da ke farawa da hitowar rana, ƙarhe bakwai na sahe su ƙarhe ɗaya suke ce mishi, bambancin awa shida, to ka dogara da allon hili da biyenka, kada da agogon mai sayar da shayi.

Zancen zaman jira, eskal kamar yadda muke cewa. Kowa na son gajere amma gajere ƙwarai tarko ne. In jirgin farko ya makara da minti 40, kai kuma awa guda gare ka, ga sake binciken jaka ga doguwar tahiya da ƙafa cikin hili kamar na Istambul da ba ya ƙarewa, to ka kwana. Ni ra'ayina, awa biyu zuwa huɗu shi ne daidai, dattijo ko mai iyali ya ɗau ukku zuwa sama. Kuma ka tabbata duk zangon biye guda ne lambar ajiya guda. In guda ne, jakarka ta wuce kai tsaye, in jirgin farko ya sa ka rasa na biyu kamfani ne zai nema maka wani. In biyu ne daban-daban don an ce maka ya hi arha, kai za ka ɗauko jaka ka sake awo, wani wuri ma sai da biza za ka iya hita ɗaukarta, in ka rasa jirgi kuma asararka ce. Arhar nan bata da riba.

Sai ɓangaren da babu shi bisa biye sam, shi ne namu na ƴan Maradi. Jirgin Litinin 13:00, kar ɗin asuba na Litinin, wato babbar motar fasinja, ba zai kai ka ba, don Maradi zuwa Yamai ka sa awa 11 zuwa 12 in komi ya tahi lahiya, da tsayawar salla da ta abinci da shingaye. Ke nan Lahadi za ka tashi, ƙarhe huɗu kana tasha, biyar kar ya ɗaga, la'asar sakaliya kana Yamai, ka kwana. Litinin ƙarhe goma kana hili, awa ukku kahin tashi, don galibi ana ruhe awon kaya awa guda kahin jirgi, ga layin paspor ga na katin rigakahin shawara. Ka sauka Talata 9:00 agogon gida, ƙara awa biyu na layin shige da hice, jiran jaka, da shiga gari, don hilin jirgin Gwanzu, Baiyun, kamar kilomita 30 yake arewa da tsakiyar gari, ko taksi ko jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3. Talata 11:00 ke nan. Daga Lahadi 4:00 zuwa Talata 11:00, awa 55. Ita ce lambar da ya kamata ka gaya ma iyali, da ita kuma za ka shirya maganin hawan jini ko na suga cikin ƙaramar jakar hannu, ba cikin babba da za ta shiga ƙasan jirgi ba. In da hali ma ƙara kwana guda a Yamai, kar na iya lalacewa tsakanin Ƙonni da Dutsi, jirgi kuwa bai san kana zuwa ba.

Wasu za su ce to mi ya sa ba za a bi ta Kano ba, tunda ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina bai kai kilomita 300 ba. Gaskiya ne ta hi kusa nesa ba kusa ba, kuma ƴan kasuwa da masu Umara da yawa na bi. Amma ka yi mata irin wanga lissahi daga ƙofa zuwa ƙofa, ka sa lokacin iyaka da shingaye, ka sa cewa ba hanyar da ake son bi da dare ba ce, ka tambayi wanda ya bi ta cikin satin nan halin da take ciki, sannan ka kwatanta da kuɗin biye a naira. Wani lokaci ta yi riba wani lokaci a'a.

Masu zuwa Umara ko Hajji nasu ya hi sauƙi in jirgin kai tsaye ne. A ce tashi Yamai 22:00, awa biyar da rabi, a gida 3:30, ƙara 2, a Jidda 5:30 na asuba. Ka ga dare ya gajarce, duk mai zuwa gabas lokutan salla na riskarshi da sauri hiye da yadda agogon hannunshi ke nunawa, mai azumi in gabas ya nufa yininshi gajere ne, in yamma ya nufo rana ta ƙi faɗuwa, kada ya sha ruwa da agogon garin da ya baro, ya duba taga. Daga hilin Jidda zuwa Makka kuma akwai kusan kilomita 100, ga zaman jiran a gama tantance jama'a wanda lokacin Hajji shi kaɗai na iya kai tsawon zaman jirgin.

Abu na ƙarshe da na yi ma Kawu, na shiga agogon wayarshi na ƙara mishi garuruwa ukku a jere, Yamai, Adis, Bejin, tunda ita ce ke wakiltar Caina duka. Na kuma rubuta a bayan katin shagon na ba Inna: in nan azahar ce, can tara na dare ta kusa, in nan isha'i ce can ƙarhe ukku na dare, kada a kira. Mai son magana da shi ya kira tsakanin sallar asuba da ƙarhe biyu na rana agogon Maradi. Ya tashi Lahadin da ta wuce, Talata 11:20 saƙon muryarshi ya shigo, wai ya iso otel, bayan na ciwo amma da sauƙi, kuma in gaya ma yaron shago ya daina bada bashin taya.